Waƙa Ba Kiɗa: Daga Landan Zuwa Majami'un Kagoro

Duk wanda ya taɓa leƙa gwajin waƙa na kwaya a wata majami'ar ECWA a Kagoro ya san tsarin. Shugaban mawaƙa zai ba da sautin farko, sai muryoyi su kasu huɗu: mata masu siririyar murya a sama, masu kauri a ƙarƙashinsu, maza kashi biyu su riƙe gindin waƙar. Ko ba ganga ba molo, waƙa ta cika.

Irin wannan rera waƙa kashi-kashi tana da tsohon tarihi a Ingila, inda ake da wani salo mai suna gili. Ya yi tashe tsakanin 1750 da 1850. Maza uku ko huɗu ne kan rera shi ba kayan kiɗa, kowa da nasa kashi, yawanci bayan an ci abinci a kulob. A 1761 aka kafa wani kulob a Landan da ke ba da kyauta ga mafi kyawun sabuwar waƙa, kuma Samuel Webbe na cikin waɗanda suka fi cinye ta.

Gili waƙar nishaɗi ce, ta majami'a kuwa ta ibada ce, amma duka biyun kashi-kashi ake rera su. 'Yan mishan ne suka kawo haɗin muryoyi huɗu Kudancin Kaduna, tare da karatun do-re-mi. Har yau da shi mawaƙan Kagoro da Kafanchan da dama ke koyon sabuwar waƙa.