Ƙarfe Biyun Dare a Romi: Wa Zai Saurari Mai Sikila?

Duk gidan da ke da mai ciwon sikila a Unguwar Romi ya san ƙarfe biyun dare, musamman da hunturu. Ƙashi na sara, an ɗauke wuta, mahaifiya ta yi jinya har barci ya sace ta a zaune. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tabon da ciwon ke bari a zuciya bayan ya lafa: fargabar dawowarsa, jarabawar da ta wuce yana kwance, neman auren da ya watse bayan gwajin jini. Ga shi Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar; ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara.

Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa ba shi da nisa daga Romi, amma da yawa sun gwammace su haɗiye damuwarsu da a gan su a ƙofarsa a ce sun taɓu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, sai dai doka ba ta haifar likita: 'yan ɗaruruwa ne ke duba mutum sama da miliyan 200.

A wannan giɓi waya ta shigo. Matashin da ke jin nauyin mahaifinsa ko fasto ko malam yana iya zazzage cikinsa ga manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ba ta gajiya, ba ta kai gulma maƙwabta. Akwai kuma tabaran nan mai jefa mutum cikin duniyar da kwamfuta ta zana. A Jami'ar Washington, Hunter Hoffman da David Patterson sun gwada shi ga masu ƙuna: ana wanke musu miki suna jifa da ƙanƙara a wasan SnowWorld, raɗaɗin ya ragu, domin hankali ba ya iya tattaruwa wuri biyu. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa don ciwon baya mai daɗewa. Tabaran dai, a gaskiya, ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu; wurinsa ɗakin masu sikila a asibiti, a riƙa karɓa-karɓa.

Wayar ce ta fi ba ni tsoro, saboda harshe. Idan Bahaushe, ko Bagwarin da ya tashi da Hausa a bakinsa, ya ce "ƙirjina ya yi nauyi", yana iya nufin baƙin ciki. A bakin mai sikila kuwa, idan da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, alama ce ta toshewar jini a huhu, wadda ke kisa cikin gaggawa. Manhajar da aka koyar galibi da Turanci tana iya lallashinsa, ta ce ya ja numfashi ya yi haƙuri, alhali abin da yake buƙata shi ne a tashi maƙwabci mai Keke Napep.

Kafin wani ya tallata mana irin wannan manhaja a Kaduna, likitocin jini da na ƙwaƙwalwa su zauna da masu sikila, su rubuta mata wannan jimla da Hausa, a ga amsar da za ta bayar.