Yaron da ya titsiye ni da tambaya a kan albasa

Na fi shekara ashirin ina sana'ar albasa a Ankara. Na yi zaman Agbogbloshie har zuwa 2021 da aka tashe mu aka mai da mu Adjen Kotoku, amma gidana yana Nima, ba nisa da babbar kwatar da ta raba mu da Maamobi. A duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa titsiye ni a kan sana'ata kamar wani yaro ɗan shekara tara.

Akwai wani gida a East Legon da nake kai wa albasa duk wata. Ran nan na sauke buhu ke nan sai ɗan gidan ya fito da littafi da biro, ya gaishe ni, ya ce, "Baba, don Allah zan iya yi maka tambaya? Aikin makaranta ne." Na ce bismillah. Ya ce daga ina albasar take? Na ce daga Galmi, a ƙasar Nijar. Ta ina take biyowa? Na ce ta ratsa Burkina ta shigo ta Paga. Da wane kuɗi ake saye? Na ce da sefa, mu kuma mu sayar da sidi. Sai ya yi shiru, ya ce, "To in rabin buhu ya ruɓe a hanya, wa ke ɗaukar asara, manomi ko direba ko kai?" Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Wannan ita ce maganar da muke rigima a kanta a kasuwa kullum.

Mahaifiyarsa ta ce mini makonni suka yi a ajinsu suna bin diddigin yadda abinci yake zuwa kasuwa. Ba a ba su amsa su haddace ba. An ce kowa ya zaɓi abu ɗaya daga kicin ɗin gidansu, ya nemo wanda ya san kansa, ya tambaye shi, ya zana taswira, ya yi lissafin farashi, sannan ya tsaya gaban aji ya yi bayani.

Daga baya na bi ba'asin wannan tsari. Sunansa International Baccalaureate, ana taƙaita shi da IB. An kafa shi a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan a 1968, tun farko saboda 'ya'yan ma'aikatan da ake yawan canja wa ƙasa, don yaro ya samu takardar da jami'o'in ƙasashe daban-daban za su karɓa. A 1994 aka ƙara ɓangaren 'yan shekara 11 zuwa 16, a 1997 kuma na ƙanana, daga shekara 3 zuwa 12. Yanzu makarantu sama da 5,000 ke bin sa a ƙasashe fiye da 150. A nan Ankara akwai Lincoln Community School a Abelemkpe, wadda ita ma tun 1968 take, akwai Al-Rayan International School a East Legon, can Tema kuma akwai Tema International School.

A ɓangaren ƙanana, karatun shekara yana tafiya ne a kan manyan batutuwa shida: su wane ne mu, ina muke a wuri da zamani, yaya muke bayyana abin da ke ranmu, yaya duniya take aiki, yaya muke tsara zamanmu, da yadda za mu raba duniyar nan da sauran halittu. Lissafi da kimiyya da Turanci duk a cikin waɗannan ake sa su. A shekarar ƙarshe ta firamare yara sukan zaɓi wata matsala ta gaske su bincika, su baje aikin gaban iyaye. Tsarin kuma yana son a kula da harshen uwa na yaro, kada Turanci ya haɗiye shi. Wannan ya burge ni, don ɗan Nima kafin ya kai shekara goma yana jin Hausa da Turanci, ya taɓa Twi ko Ga, ga Larabcin makaranta.

To, kada in ja ku da nisa. Yawancin irin waɗannan makarantu da dala ake maganar kuɗinsu, kuma na shekara ɗaya a wasunsu ya fi jarin da yawa daga cikinmu. Ni dai ban isa ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na tarar a gidana a makon.

Autata tana aji biyar a wata makarantar kuɗi a unguwarmu, mai "International" ɓaro-ɓaro a jikin allonta. Ta dawo da fuska a murtuke. An koya masu darasin ruwan sama, sai ta ɗaga hannu ta ce me ya sa kwatarmu take cika ta shiga gidaje alhali ta wasu unguwanni ba ta yi? Malamin ya ce wannan ba ya cikin jarrabawa, ta kwafi abin da ke allo ta yi shiru. Raina ya ɓaci, har na fara faɗa. Sai uwarta ta dube ni ta ce, "Alhaji, kai sau nawa ka ce mata yawan tambaya rashin kunya ne?" Ban samu abin cewa ba. Gaskiya ta faɗa.

Haka aka tashe mu. Yaro ba ya tsoma baki in manya na magana, kuma akwai alheri a cikin wannan tarbiyya. Amma mun haɗa ladabi da shiru muka mai da su abu ɗaya, alhali mu ne masu cewa matambayi ba ya ɓata. Wanene a cikinmu ya koyi fatauci ba da tambaya ba? Ranar da na fara zuwa Galmi, da tambaya na san dillalin kirki, da tambaya na gane albasar da za ta jure hanya. A zauren malamai ma, ɗalibin da ake ji da shi shi ne mai tsai da malam ya ce a sake warware masa mas'ala.

Abin da da yawa ba mu sani ba, ita kanta gwamnatin Gana ta juya zuwa wannan hanya. A watan Satumba na 2019 aka fara sabon manhajin firamare, daga rainon yara zuwa aji shida, kuma cikin abubuwan da ya ce a koya wa yaro akwai zurfin tunani, warware matsala, ƙirƙira da aiki tare. Wannan ya shafi har makarantunmu da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi, wanda aka kafa a 1987. Ke nan tambayar 'yata tana kan hanya. Sai dai abin da ke takarda daban, abin da ke aji daban. Malamin da yara suka cika masa aji maƙil, ga jarrabawar BECE tana jiran su a ƙarshen ƙaramar sakandare, ga iyaye ba abin da muke tambaya sai "na nawa ka zo?", dole ya koma ga a haddace, a zubar a takarda, a manta. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Ba kuma ina cewa a jefar da hadda ba ne. Yaron da bai haddace jadawalin sau ba, a kasuwa za a cuce shi, kuma ba mai neman a taɓa haddar Alƙur'ani. A haɗa ne: ya haddace, ya kuma san dalili.

Ran Asabar na ce wa autata ta ɗauko littafi. Muka bi gefen kwata muna tafiya. Na ce ta ƙirga abin da ta fi gani a ciki. Ledar fiya wata ce ta yi rinjaye, sai robobi da yashi. Muka tambayi wani dattijo da ya girme ni yadda wurin yake a da. Na nuna mata cewa ruwan nan gangarawa yake zuwa Odaw, daga can zuwa tafkin Korle, sannan teku, kuma in ƙasa ta toshe sama ce ke cika. Na ba ta labarin daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a gidan mai na Circle, mutum sama da 150 suka rasu. Ta rubuta shafi uku da hannunta. Ko sidi ɗaya ban kashe ba, sai na kokon da muka sha a hanya.

Ga 'yan uwana masu neman makaranta, shawarata kaɗan ce. Kada kalmar "International" ta ruɗe ku. Fenti ne, kowa na iya rubutawa. In sun ce suna bin IB, hukumar tana da jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, a sa yaro ya duba a waya. In ba su bi, ba laifi ba ne, amma ku roƙi a bar ku ku zauna a bayan aji na rabin awa. Ku lura: wa ya fi magana, malam ko yara? In yaro ya yi tambaya, me ake ce masa? Ku buɗe littafin ɗanku ku ga ko akwai abin da ya rubuta da tunaninsa, ko duk kwafin allo ne. Akwai kuma laburaren yara na Nima da Maamobi, a tura su can maimakon yawon gari. Ran Laraba, ranar kasuwar Nima, a riƙo hannunsu su ga yadda ake ciniki, su yi lissafin canji da kansu.

Na je taron iyaye na gaba na faɗi maganar kwata cikin ladabi, ban kama sunan kowa ba. Wasu iyaye sun mara mini baya, wasu sun ce mu bar malamai su yi aikinsu, jarrabawa ce a gabanmu. Har yanzu ban yanke ko zan canja mata makaranta ba, sai na ga yadda zangon nan zai ƙare. A gida dai na canja abu ɗaya. Da can in ta dawo nakan ce, "Nawa kika ci?" Yanzu nakan ce, "Auta, yau me kika tambaya?" Jiya ta ce so take ta san dalilin da sefa take tashi sidi yana faɗuwa. Na ce ta bari in dawo daga kasuwa, mu je wurin mai canji tare.