Daga Hunturun Kura Zuwa Ƙanƙarar Turai

A watan Janairu, manoman rani na Kura da Bunkure da maƙwabtansu na Dawakin Kudu kan yi sammakon ban-ruwa tun jaura ba ta kwanta ba. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya kwana yana shan iska, amma haka za su tsoma ƙafa a ciki don alkama da tumatir su sha. A irin wannan asubar zafin gari kan sauko zuwa wajen digiri 12. Wanda ya tashi a nan yakan ɗauka ya gama sanin ɗari, sai ran da karatu ko neman abinci ya kai shi Mosko ko Kanada, inda awo ke yin ƙasa da sifili da digiri 20.

Hausawa sun daɗe da shiga ƙasashen sanyi. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a Landan a 1957, daga baya aka buɗe irinsa a Jamus da Sin da Amurka. Bayan 'yan jarida sai ɗalibai da likitoci da 'yan kasuwa. Kowa ya sauka da hunturu, tsananin sanyi ne ke fara yi masa maraba.

Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a digiri 37. Da sanyi ya buso, sai jijiyoyin jini na fata su tsuke, jini ya koma ciki ya tsare zuciya da ƙwaƙwalwa, a bar yatsu da kunnuwa da hanci su ji a jikinsu. Rawar ɗari kuwa dabara ce ta tsoka don ta samar da ɗumi. Idan zafin ciki ya gaza digiri 35, mutum zai fara sambatu da tangaɗi, barci ya riƙa fizgarsa, kuma barcin nan ba kowa ke farkawa daga shi ba.

Ruwa ya fi iska mugunta, domin yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25. Wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara, a minti na farko numfashi ke ƙwace masa, ya shaƙi ruwa ba da niyya ba; bayan kamar minti goma hannu da ƙafa su daina jin magana. Ko gwanin iyo a kogin Tamburawa bai tsira daga wannan ba. Jiƙaƙƙiyar safa da gumin da ya kwanta a riga ma hatsari ne. Hunturun Kano busasshe ne, iyakarsa kaushi da faso, shi ya sa baƙo ba ya tsoron danshi yadda ya kamata.

Jiki yana sabawa, amma sabon yana da iyaka. Mai yawan shiga ruwan sanyi firgicinsa na farko yakan ragu, kamar yadda ƙafar mai ban-ruwa ta fi ta ɗan birni juriya. Sai dai wani bincike da aka buga a 2009 kan sojojin Birtaniya ya nuna cewa 'yan asalin Afirka sun fi takwarorinsu Turawa samun raunin sanyi a yatsu, nesa ba kusa ba. A Disambar 2016 wasu 'yan Ghana biyu da suka tsallaka da ƙafa daga Amurka zuwa Manitoba ta Kanada sun rasa yatsun hannuwansu. Ɗalibanmu da suka tsere wa yaƙin Yukiren a Fabrairun 2022 su ma sun ɗanɗana kwanan fili a kan iyakar Folan.

Wani abin kuma a ɓoye yake cin mutum. Baƙar fata tana buƙatar rana mai yawa kafin ta haɗa sinadarin bitamin D, ga shi a tsakiyar sanyin Ingila tun wajen ƙarfe huɗu rana take faɗuwa. Don haka hukumar lafiya ta ƙasar ke shawartar masu duhun fata su riƙa shan maikurogiram 10 na bitamin D kullum, duk shekara. Ciwon ƙashi da kasala da wasu ke ɗora wa kewar gida, sau da yawa daga ƙarancin bitamin ɗin suke.

Dabarun gida ma sai an tace su. Man kaɗanya yana nan da amfaninsa, kunu mai citta yana ɗumama ciki. Amma kaskon gawayi da aka saba jin ɗumi da shi a zaure, a rufaffen ɗakin Turai ajali ne, saboda yana fitar da iskar guba marar wari. Tsofaffin zama kan koya wa sabon zuwa ya jera riguna uku marasa nauyi maimakon guda mai kauri, ya rufe kai da yatsu, ya tsane jiki sarai bayan alwala kafin ya fita, kuma idan yatsa ya daskare kada ya murza shi ko ya kara shi a wuta, ya sa shi a ruwan ɗumi ya nemi asibiti.

Iyayen da ke haɗa wa ɗa kilishi da yaji da kuka a jaka, ya kamata su ware kuɗin takalmi da rigar sanyi na ƙwarai, kuma tun kafin jirgi ya tashi su haɗa shi da wani na gida da ya riga shi shan ɗarin garin.