Girgizar Ƙasa a Gidan Silima: Dabarun Fim ɗin Earthquake na 1974

Gabatarwa

A ranar 9 ga Fabrairu, 1971, da asuba, ƙasa ta girgiza a kwarin San Fernando, arewa da birnin Los Anjalis ta jihar Kalifoniya a Amurka. Mutane fiye da 60 suka rasa rayukansu, asibitoci da gadoji suka rushe. Wata babbar madatsar ruwa mai suna Van Norman ta zabtare, saura ƙiris ruwa ya ɓalle, har hukuma ta kwashe mutane wajen 80,000 daga gidajen da ke ƙarƙashinta. Wannan tsoro bai gama fita daga zukatan mutanen birnin ba, sai kamfanin Universal ya fito da fim mai suna Earthquake, watau Girgizar Ƙasa, a watan Nuwamba na 1974. Mark Robson ne ya ba da umarni, Charlton Heston da Ava Gardner suka ja ragamar 'yan wasa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana dabarun da aka bi aka rusa birni guda a kan allo, a zamanin da kwamfuta ba ta mamaye wannan sana'a ba, sa'an nan a rarrabe tsakanin abin da fim ɗin ya faɗa daidai da abin da ya ƙara wa gishiri.

Yaudarar Ido

Dabara ta farko ita ce mafi sauƙi. Maimakon a girgiza ƙasa, sai aka girgiza kyamara, 'yan wasa kuma suka riƙa tangaɗi suna faɗuwa. Ɓaraguzan da suke zubo musu, yawancinsu na katako ne mara nauyi da soso, an shafe su da fenti sun yi kama da kankare.

Dabara ta biyu ita ce gina ƙananan samfura. Aka ƙera gidaje da dogayen benaye da madatsar ruwan Holiwud a ƙanƙance, aka rusa su a gaban kyamara. To, amma a nan akwai matsala. Ƙaramin abu yakan faɗi nan da nan, babban gini kuwa yakan ɗauki lokaci kafin ya kai ƙasa, idon ɗan Adam kuma ya san wannan bambanci ko ba a koya masa ba. Saboda haka akan ɗauki hoton samfurin da gudu fiye da ƙa'ida, idan aka zo nunawa a kan hotuna 24 a sakan ɗaya, sai faɗuwar ta yi sanyi, ta yi nauyi irin na babban gini. Ruwa ne kaɗai ba ya yarda a ƙanƙanta shi, domin ɗigonsa ba ya raguwa don an rage girman madatsa. Shi ya sa wurin fashewar madatsa yake da wahalar ɗauka.

Dabara ta uku zane ne. Albert Whitlock, wani gwanin mai zane haifaffen Ingila, wanda ya daɗe yana aiki da Alfred Hitchcock, shi ya zana rusasshen birnin a kan gilashi. Akan rufe wani sashe na hoton yayin ɗaukar 'yan wasa, daga baya a cike gurbin da zanen. Mai kallo yana ganin mutane na gaske suna gudu a titi na gaske, amma benayen da ke ci da wuta a bayansu fenti ne kawai.

Yaudarar Jiki

Duk waɗannan dabaru an san su tun kafin 1974. Alal misali, fim ɗin San Francisco na 1936 ya nuna girgizar ƙasar 1906 da irinsu. Sabon abin da Earthquake ya zo da shi yana wajen sauti, kuma ya samo asali ne daga wata gaskiya: wanda girgizar ƙasa ta rutsa da shi, a jikinsa yake fara jin ta kafin ya gani da ido.

Sauti kaɗawar iska ne. Kunnen mutum yana kama kaɗawa daga wajen sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Idan kaɗawar ta yi ƙasa sosai, ƙirji da ciki sun fi kunne sanin ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari ana bugawa, ko ya ji cida da damina har ƙyaure yana rawa, ya san wannan. Injiniyoyin Universal, tare da kamfanin lasifika na Cerwin-Vega, suka ƙirƙiro tsarin da suka kira Sensurround. Aka girka manyan lasifikoki a gaba da bayan zauren kallo. A jikin fim ɗin an sa wasu alamu na sauti, da zarar an iso wurin girgiza sai su kunna na'urar, rugugi ya cika zauren, kujeru su ɗauki rawa.

Abin ya yi ƙarfi har shafen rufin gidan siliman Chinese Theatre na Holiwud ya fara ɓantarewa, dole aka ɗaura raga a saman 'yan kallo. Dalilin wannan ɗawainiya kuwa na kasuwa ne. Talabijin ya riga ya janye jama'a zuwa gida, tilas gidan silima ya ba su abin da akwatin gida ba zai iya ba. Haƙa ta cim ma ruwa: fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, a 1975 kuma ya sami lambar Oscar ta sauti da wata ta musamman saboda dabarun hoto. Amma Sensurround bai yi tsawon rai ba. Bayan Midway a 1976 da Rollercoaster a 1977 da Battlestar Galactica a 1978 aka jingine shi, saboda tsada, da kuma yadda rugugin yake ratsa bango ya dami masu kallo a zauren maƙwabta.

Gaskiya da Ƙarin Gishiri

A cikin labarin, wani matashin mai nazarin ƙasa ya hango cewa babbar girgiza tana tafe cikin kwana ɗaya ko biyu, manya suka yi ta jan ƙafa wajen sanar da jama'a don gudun firgici. Wannan ƙarin gishiri ne. Har yau masana ba su iya faɗin rana ko sa'ar girgiza ba. Iyakar abin da suke iyawa shi ne nuna yankin da ke cikin haɗari, da kuma ba da gargaɗin 'yan sakanni bayan girgizar ta riga ta fara.

Inda fim ɗin ya faɗi gaskiya shi ne a kan abin da ke kashe mutane. Kusan duk wanda ya mutu a cikinsa, aikin hannun ɗan Adam ne ya faɗa masa: bene, ko gada, ko gilashi, ko ruwan madatsa. Haka abin yake a zahiri. Bayan 1971 Kalifoniya ta tsaurara dokokin ginin asibitoci, ta hana gina gidaje a kan bakin tsagewar ƙasa.

Kammalawa

Ɗalibi zai iya koyo daga wannan fim cewa dabara ba ta cin nasara sai mai ita ya fahimci yadda ido da jiki suke aiki. Ma'aikacin hukuma kuwa, nasa darasin ya fi nauyi. Tun da ba wanda zai kawo masa labarin ranar masifa, aikinsa yana cikin takardar izinin gini da ke kan teburinsa, da ingancin siminti da ƙarfen da ya sa hannu a kansu.