Dashen Yara a Zangon Agoè

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san albasa ba ta yin kai a inda aka yayyafa irinta. Sai ta tsiro a wurin reno, ta ɗan tasa, sannan a cire ta a kai fangali. To, magidancin da ya kwashi mata da 'ya'ya daga Maraɗi ko Sakkwato ya nufi bakin teku da niyyar yin shekara biyu, ya wayi gari ya yi ashirin, dashe ya yi, ko ya sani ko bai sani ba. Mai son ganin lambun da irin wannan dashe ya cika, ya je Zangon Agoè a arewacin Lome.

Tun zamanin Jamusawa fatakenmu na goro da shanu suke da zango a Lome, har ya zama unguwa a tsakiyar birni. A 1977 gwamnatin Eyadema ta rushe shi, aka mayar da mutane wajen gari, kamar kilomita 15, a bakin hanyar da ke zuwa Atakpame, Sokode, Kara har Dapaong. Yanzu bankuna ne a tsohon wurin. Ka ga an yi wa jama'a dashe na biyu ke nan, suna ji suna gani, kuma suka kama. Yau ga masallatai, ga makarantu, ga manyan motocin Nijar da Burkina suna jiran kaya daga tashar jirgin ruwa.

Kwanakin farko na dashe, ganye yakan kwanta, ka rantse ya mutu. Haka yaro yake a watannin farko. Ga zafi mai gumi, ga sauro, ga damina biyu a shekara. An ajiye masa akume da miyar ademe yana neman tuwon dawa da miyar kuka. Uwa ta zauna a ɗakin haya ba ta jin abin da maƙwabciya ke faɗa, sai murmushi da nuni. A nan ne masu gajen haƙuri suke cewa a naɗe tabarma a koma. Manomi kuwa ya san wannan yaushi ne kawai, ban ruwa yake so safe da yamma.

Kuma ƙaramin iri ya fi saurin kamawa. Ɗan shekara biyar kafin ka ankara yana ciniki da ɗan zemijan, wato mai babur ɗin haya, da yaren Mina, yana musu kan canji. Uban kuwa ya yi furfura a Lome amma a kasuwar Asigame har yau da yatsu yake ƙarasa magana. Ranar zuwa asibiti, 'yar da aka goyo daga gida ita ce tafinta tsakanin uwarta da likita.

Sai dai mai lambu ba ya fizgar iri da ƙarfi. Yakan jiƙa ƙasa tukuna don kada saiwa ta tsinke, in ya so ya rage ganye. Ganye shi ne abin da za a iya bari: irin tufa, irin abinci, hirar dandali. Saiwa kuwa harshe ne da karatu da zumunci. Leƙa wani gida a Agoè da la'asar: yarinya ta dawo daga lakwal cikin kakinta, ta ajiye jakar littattafan Faransanci, ta zura hijabi, ta ɗauki allonta da tawada ta bushe a gefe. Kafin ta fita uwa ta ce, "Ke, kin gaida Kaka?" Ta dawo da baya, ta durƙusa, ta gaishe ta da Hausa. Wannan durƙuson ya fi gidan bene da aka gina a garinsu ba kowa a ciki.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake tarbar yaran nan in an kai su ganin gida. Da sun buɗe baki Faransanci ya ratsa Hausarsu, sai dangi su kwashe da dariya, wani ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Haba jama'a! Wane ruwa ta sha? Ruwan Lome ta sha, dole ta ɗanɗana shi. Yaron da ya tashi tsakanin Kotokoli da Zabarmawa da Ewe, ya kai wa maƙwabci Kirista naman layya, ya iya harshe uku ko huɗu, riba ce aka kawo wa dangi.

Dattawan Agoè in suna waiwaye, ba su cika tsayawa a kan kuɗi ba. Sun ga an karya darajar sefa a 1994, sun ga gobarar babbar kasuwa a 2013, sun san dukiya baƙuwa ce. Lissafinsu shi ne wane ɗa ya san sunan kakansa, wace 'ya take kiran gwaggonta a waya. Saboda haka mai shirin tafiya da iyali, ka yi wa kowane yaro takardar haihuwa tun yana jinjiri, ka riƙa magana da shi da harshenka a gida, ka kai shi garinku tun tsofaffi suna da rai, domin zumunci a ƙafa yake. In ya girma ya ce Lome ce gida, kada ka yi fushi, kai ka dasa shi a can.