Mai Nutso a Gurara Ba Ya Shiga Ruwa Shi Kaɗai

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife a Gurara, kogin da ya ratsa yankin Abaji kafin ya zuba a Neja, masunta da masu ɗebo yashi ne ke fara faɗawa ruwa tun kafin hukuma ta iso. Haka ma aka gani a Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda jirgi ya kife da 'yan biki, mutum fiye da 100 suka rasu. Masu faɗawa ruwan ba su da tukunyar iska, kuma ba lallai a samar musu da ita nan kusa ba. Amma akwai kariyar da ba ta buƙatar ko kwabo: kada mai nutso ya sauka sai da abokin da ba shi da wani aiki illa lura da shi.

Dalilin yana cikin jikin ɗan Adam. Abin da ke matsa wa mutum ya ja numfashi shi ne taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke son fitarwa. Mai nutson da ya yi ta sheƙar numfashi da sauri kafin ya sauka ya rage wannan iska, ya kashe ƙararrawar da za ta gargaɗe shi, alhali iskar oksijin na ci gaba da ƙarewa a jininsa. Ga kuma nauyin ruwa: a zurfin mita 10 matsin da ke kan huhu ya ninka na doron ƙasa, kuma yayin tasowa matsin na raguwa, ƙarfin oksijin a jini ya faɗi farat ɗaya. Shi ya sa suma ta fi kama mutum gab da fitowa, ba ihu, ba fafutuka. Ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, lokacin da bai isa a ruga gari neman taimako ba. Ko masu nutso da tukunyar iska, na'urar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943, bibbiyu ake koya musu sauka.

Wani zai ce da damina Gurara jawur yake, ba ka ganin tafin hannunka, to me aboki zai gani? Wannan gaskiya ne, kuma sau da yawa mai ceto kan bi wanda ya je cetowa. Maganinsa shi ne kada su sauka tare: ɗaya a ƙasa, ɗaya a kwale-kwale riƙe da igiya, sun yi yarjejeniya kan ma'anar kowane fizga da tsawon lokacin da za a jira. Matan Ama na Japan masu zuwa zurfi sun daɗe a kan wannan tsari, mijin kowace na cikin jirgi yana jawo igiyar. Ita ma igiyar tana iya sarƙewa da kututture, don haka dole a ɗaura ta yadda za a kwance da hannu ɗaya, da wuƙa a ƙugu.

Akwai kuma mai cewa ruwa gadonsa ne. Ban raina ilimin Sarkawa ba, domin su suka san inda ruwa ke juyi. Sai dai gwani ne ke daɗewa a ƙasa, don haka shi ya fi kusa da suma. Sarakunan ruwa na garuruwan bakin Gurara suna da ikon hana kowa sauka shi kaɗai, majalisar yankin Abaji kuma za ta iya ɗaukar nauyin koya wa masu riƙe igiya yadda ake danna ƙirji da hura numfashi ga wanda aka tsamo.