Sunan García: tsakanin gaskiya da ƙanzon kurege

Masu kallon ƙwallon Turai sun saba jin sunan García, daga Luis García da ya taka leda a Liverpool zuwa Eric García na Barcelona. Gaskiya ne babu sunan dangi da ya kai shi yawa a Sifaniya: masu ɗauke da shi a matsayin sunan uba sun haura miliyan 1.4. A ƙidayar Amurka ta 2010 ma shi ne na shida. Sai dai masu cewa haka abin yake a duk inda ake jin Sifaniyanci sun zarce gona da iri, domin a Meziko Hernández ne a gaba.

Ana yawan faɗin cewa sunan Larabci ne, wai gadon daular Andalus. Ba haka ba ne. Tun a ƙarni na 9 akwai sarki García Íñiguez a Pamplona, can arewa cikin ƙasar Baskawa, wani García kuma ya mulki León daga 910 zuwa 914. A lokacin sunan yanka ne, daga baya jikoki suka mayar da shi na dangi, kamar yadda sunan kaka ke bin zuriya a wurinmu. Wani marubucin birnin Denia a ƙarni na 11, Ibn Garsiya, Musulmi ne mai tushen Baskawa, kuma daga wurin ubansa ya gaji sunan. Ma'anarsa kuwa masana sun rabu: wasu sun danganta shi da kalmar Baskanci mai nufin saurayi, wasu da sunan wata dabbar dawa. Duk wanda ya yanke maka hukunci ɗaya ya faɗi abin da masanan kansu ba su faɗa ba.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce ta jini. Bayan dokar Sifaniya ta 2015 da ta ba zuriyar Yahudawan da aka kora a 1492 damar zama 'yan ƙasa, jerin sunaye ya bazu a intanet, ana cewa duk mai ɗaya daga ciki fasfo na jiransa. Mutane da yawa suka sa rai a banza. Dokar ta nemi hujjar asali, har da jarrabawar harshe ga waɗanda ba 'yan ƙasashen da ake jin Sifaniyanci ba, kuma an rufe karɓar takardu a 2019.

Dubi Filifin. A 1849 gwamnan mulkin mallaka Narciso Clavería ya sa aka raba wa garuruwa kundin sunaye, iyalai suka ɗauka domin sauƙaƙa ƙidaya da karɓar haraji. Iyali na iya amsa sunan Sifaniyawa alhali babu Basifaniye ko ɗaya a kakanninsu. Saboda haka idan García biyu suka haɗu, ɗaya daga Manila ɗaya daga Madrid, sunan kaɗai bai isa shaidar 'yan'uwantaka ba, sai an binciki takardun haihuwa da na aure.